Rediyon Littafi Mai Tsarki mai katin memori, da tambayar nan ta dalilin zaman mutum a duniya

A kantunan littattafan Kirista na biranen Arewa, har ma a rumfunan masu ɗora waƙoƙi a katin memori, ana sayar da wata 'yar rediyo wadda ba ta fi tafin hannu ba, an ɗora mata Littafi Mai Tsarki da Hausa tun daga Farawa har Wahayin Yahaya, an kuma ƙara mata waƙoƙin sujada da jerin koyarwa a kan manufar rayuwar ɗan Adam. Ba ta da wani sunan kamfani da za a san ta da shi, domin kwalinta yakan bambanta daga wannan kanti zuwa wancan, abin da ke cikin katin kuwa ya danganta ga wanda ya ɗora shi. Wadda nake magana a kanta na saye ta ne a wani kantin littattafai a Sabon Garin Zariya domin gwaggona, na kuma saurari mafi yawan abin da ke cikinta tare da ita. A ganina karatun Littafin ya ci kuɗinsa har da ƙari, jikin na'urar ba yabo ba fallasa, koyarwar manufar rayuwa kuwa, wadda ita ce mai kantin ya fi zuga ni da ita, ita ce mafi rauni a cikin kayan duka.

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, gwauruwa, ta kuma haura shekara saba'in. Ta koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci na majami'ar ƙauyenmu, ta yi shekaru tana ba da waƙa a Zumunta Mata, tana noman gyaɗarta da dawarta, har lokacin da 'yan bindiga suka watsa mutanen garin, ta dawo gidan ɗanta a birni. Bayan haka hawan jinin ido ya ci ganinta, likita kuma ya faɗa mana a fili cewa abin da ya tafi ba zai dawo ba. Gona ta kuɓuce mata, ƙawayenta na zumunta sun warwatsu, Littafin da take buɗewa kowace asuba ya koma abin da take shafawa da hannu kawai. Wata rana da na je gaishe ta, sai ta ce mini, "Ɗan nan, ni yanzu me nake yi wa Allah? Na zama mai cin tuwo kawai." Da wannan tambaya na auna na'urar, domin duk kayan da aka sayar da sunan nuna wa mutum manufar rayuwarsa ya kamata ya iya tsayawa a gaban wadda ba ta da sauran wani aiki da duniya za ta yaba.

Jikin na'urar roba ne mara nauyi, irin wanda maƙwabtanmu Musulmi suke sauraron ƙira'a da tafsiri da shi, katin ne kawai ya bambanta. Tana da igiyar ratayawa a wuyan hannu, da tocila a gefe, da tashoshin FM, da ramin abin sa wa kunne. Batirinta mai ciruwa ne, irin na tsofaffin wayoyin Nokia, wannan kuwa alheri ne babba, domin ko a kasuwar ƙauye ana samun sabo idan ya mutu. Caji ɗaya yakan kai daga safe zuwa yamma idan ba a ƙure murya ba. Faifan hasken rana da aka manna a bayanta ƙarami ne ƙwarai, abin da yake tarawa kaɗan ne, kuma shanya na'urar a tsakar rana yana iya kumbura batirin, saboda haka gara a yi mata caji da igiya. Muryarta takan cika ɗaki, har ta kai tsakar gida, sai dai idan an ƙure ta sautin yakan fara rawa. Idan an kashe ta da maɓalli, takan ci gaba daga inda aka tsaya, amma idan ta faɗi batirin ya fice, sai ta koma Farawa sura 1.

Babban aibinta shi ne yadda ake neman sura. Littattafai 66 na Littafi Mai Tsarki suna da surori 1,189, wato 929 a Tsohon Alkawari da 260 a Sabon Alkawari, wanda ya ɗora katin kuwa ya jera su ne da lamba daga 1 har ƙarshe, bai raba su littafi-littafi ba, ɗan allon da ke gaban na'urar kuma lamba kaɗai yake nunawa. Mai son Ayuba sai ya san cewa 437 zai danna, Zabura ta fara daga 479, Mai Hadishi daga 660, Matiyu kuma daga 930. Wanda yake neman wata zabura sai ya ƙara 478 a kan lambarta, ta haka Zabura 23 ta zama 501, Zabura 90 ta zama 568. An haɗo da 'yar takarda mai ɗauke da jerin, amma rubutunta ƙanana ne, alhali yawancin waɗanda ake saya wa wannan kaya rashin gani ko rashin karatu ne ya sa aka saya musu. Maɓallan ma a shafe suke, girmansu ɗaya, yatsa ba ya bambanta su. Jikar Gwaggo ce ta samo dabara: ta ɗiga jan farce a kan lamba 5 da kan maɓallin kunnawa, ta bar shi ya bushe ya yi ɗan tudu, daga wannan tudu Gwaggo take lalubo sauran lambobin. Yanzu ta haddace nata, za ka ji tana cewa a hankali, "Shida, shida, sifiri," yatsanta na tafiya a kan maɓallan.

Karatun kansa shi ne dalilin da zai sa a yafe wa na'urar duk waɗannan. Mai karanta Tsohon Alkawari namiji ne mai natsuwa, Hausarsa fes, ba ya gaggawa, ba ya kuma yi wa nassin wasan kwaikwayo. A Bisharu an yi amfani da muryoyi da yawa da kiɗa a ƙarƙashi, wanda yara suka fi so, ni kuwa na fi son karatun da ba kiɗa, domin kunnen tsofaffi yana wahala wajen raba magana da sautin da ke bayanta. Sauraron Littafi da kunne ba baƙon abu ba ne a wurinmu. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya yi wa hidima shekaru masu yawa, amma dubban masu bi sun fi saninsa daga bakin mai bishara da kuma rediyo, irin tashar ELWA da ta fara aiki a Laberiya a 1954, da shirye-shiryen Muryar Bishara da ake haɗawa a Jos ana watsawa daga Addis Ababa har gwamnatin sojan Habasha ta ƙwace tashar a 1977. Littattafan ma domin a karanta su a gaban jama'a aka rubuta su: Ezra ya karanta Attaura a dandali tun da sassafe har tsakar rana, Bulus kuma ya umarci Kolosiyawa su karanta wasiƙarsa a ikkilisiya, sa'an nan su miƙa ta ga Lawudikiya. Abin da wannan na'ura ta ƙara shi ne, mai sauraro ne yake zaɓar abin da zai ji, yana iya jin littafi guda daga farko har ƙarshe ba wanda ya tsinto masa ayoyi, yana kuma iya maimaitawa.

Amfanin wannan ya fi bayyana a Littafin Mai Hadishi. Sura 12 ne, aya 222, ana gama sauraronsa cikin ƙasa da sa'a guda, amma da wuya ka ji an yi wa'azi a kansa ranar Lahadi, in ban da sura 3 a wurin jana'iza da farkon sura 12 a taron matasa. A sura 2 mai maganar ya lissafa abin da ya tara domin ya gano abin da ya dace mutum ya yi a 'yan kwanakinsa: ya gina gidaje, ya dasa gonakin inabi da lambuna, ya haƙa tafkunan ban ruwa, ya mallaki barori da garkuna da azurfa da zinariya da mawaƙa, ga hikima, sa'an nan ya waiwaya ya ce duka banza ne, harbin iska ne, domin zai mutu ya bar su ga wanda bai san ko mai hikima ne ko wawa ba. A sura 4 ya ga hawayen waɗanda ake zalunta ba su da mai ta'azantar da su, iko kuma yana hannun masu zaluntarsu. A sura 9 ya ce ba kullum mai sauri ne yake cin tsere ba, ba kullum mai hikima ne yake samun abinci ba. Wanda ya baro gonarsa da rumbunsa da dare bai buƙatar a yi masa sharhin waɗannan ayoyi.

Muna zaune a kan tabarma Gwaggo tana ɓare gyaɗa da laluben hannu lokacin da karatun ya kai sura 12, inda aka kwatanta tsufa da gida mai lalacewa: masu tsaron gida suna rawar jiki, masu niƙa sun daina don sun ragu, masu duba ta taga sun dushe, mutum yana farkawa da kukan tsuntsu, yana tsoron hawan tudu. Ta ajiye gyaɗar, ta lalubo maɓallin ta tsayar da karatun, ta ce, "Ɗan nan, ashe har idanuna suna cikin Littafi. A da na sha karanta wurin nan ina wucewa." Ta sa aka maimaita surar. Abin da ya ratsa ta, a fahimtata, shi ne cewa Littafin bai rufe ido ga halin da take ciki ba, bai kuma mai da tsufanta laifi ko alamar fushin Allah ba. Kuma wannan mai magana da ya ce duka banza ne, shi ne yake ta komawa ga magana guda, a sura 2 da 3 da 5 da 9, cewa mutum ya ci, ya sha, ya ji daɗin wahalarsa, kyauta ce daga hannun Allah. Ga wadda ta kira kanta mai cin tuwo kawai, jin cewa cin tuwo da godiya karɓar kyautar Allah ne ba ƙaramar magana ba ce. Littafin ya ce Allah ya sa tunanin dawwama a zuciyar mutum, amma bai ba shi ikon gane aikinsa daga farko har ƙarshe ba, ya kuma rufe da cewa a ji tsoron Allah a kiyaye umarnansa, domin zai shara'anta kowane aiki, har da na ɓoye. Idan kowane aiki na ɓoye zai zo gaban Allah, to, babu aikin da ya yi ƙanƙanta har ya ɓace.

Daga lamba 1190 koyarwar manufar rayuwa take farawa. Ba a rubuta sunan mai koyarwar a ko'ina ba, muryarsa mai ƙarfi ce, yana yawan surka Hausa da Turanci, abin da ya sa Gwaggo take rasa rabin maganar. Adalci ya sa in faɗi abin da ya yi daidai. Ya kafa maganarsa a kan cewa an halicci kowane mutum cikin siffar Allah, cewa babu wanda ya zo duniya bisa kuskure, ya kuma yi amfani da misalin talanti na Matiyu sura 25 ya tsawata wa matasa a kan zaman banza da shaye-shaye. Saurayin da ya gama makaranta yana kwance a gida zai iya jin wannan ya miƙe, kuma ba zan raina hakan ba.

Matsalar tana cikin ma'aunin da yake auna rayuwa da shi. Misalansa duka na waɗanda suka hau ne: Yusufu daga kurkuku zuwa fadar Fir'auna, Dawuda daga kiwon tumaki zuwa gadon sarauta, Esta daga maraici zuwa zama sarauniya. Ban ji ya ambaci Yahaya Maibaftisma da aka fille wa kai a kurkuku ba, ko Istifanas da aka jejjefe, ko Irmiya da ya yi wa'azi wajen shekara arba'in jama'arsa ba su saurare shi ba. Manufa a bakinsa ta zama ɗaukaka da buɗi da sunan da za a ji, wanda bai same su ba kuwa, ko dai bai gano baiwarsa ba, ko kuma wani ya ɗaure masa tauraro. Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta fi tayar mini da hankali, domin tana koya wa mutum ya dubi danginsa da zargi, kuma mun san cewa a garuruwanmu tsofaffin mata marasa galihu ne irin wannan zargi ya fi faɗa wa. Da jikokin Gwaggo ne suke sauraron wannan kashi su kaɗai, da na cire katin tun ranar.

Ayar da ya fi maimaitawa ita ce Irmiya 29:11, inda Allah ya ce ya san shirin da yake da shi domin jama'arsa, shiri na alheri da sa zuciya. A nan ne kayan ya gyara kansa da kansa, domin wanda ya danna 773 da 774 zai ji sura 28 da 29 cikakku. Ayar tana cikin wasiƙar da Irmiya ya aika daga Urushalima zuwa ga waɗanda Nebukadnezzar ya kwashe zuwa Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu. A sura 28 wani annabi mai suna Hananiya ya yi alkawarin cewa cikin shekara biyu za a dawo da su, maganar da kowa yake son ji. Irmiya kuwa ya rubuta cewa sai shekara 70 sun cika, wato yawancin manyan da suka ji wasiƙar a baƙunci za a binne su. Abin da aka ce su yi kafin nan shi ne su gina gidaje su zauna, su dasa lambuna su ci amfaninsu, su yi aure su aurar da 'ya'yansu, su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su, su yi masa addu'a. Ciro aya ta 11 ita kaɗai kamar yagar kunnen tuwo ne a ce an ci malmala. Ga wadda rikici ya raba da garinta, wasiƙar gaba ɗaya ta fi ayar amfani nesa ba kusa ba, domin ba ta yi mata alkawarin komawa gida baɗi ba, ta dai ba ta aikin yi a inda take. Tun da Gwaggo ta ji surar, addu'arta ta asuba ta haɗa da Zariya da unguwar da take zaune, tana ambaton maƙwabta gida-gida, Kirista da Musulmi. Haka abin yake da Filibiyawa 4:13, wadda mai koyarwar ya mai da taken cin nasara a kasuwanci. Bulus ya rubuta ta ne yana ɗaure, kuma abin da ya ce yana iyawa ta wurin Almasihu shi ne zama a ƙoshe da zama da yunwa, a yalwa da a rashi, kamar yadda duk wanda ya saurari lamba 1107 zai ji.

Amsar da ikkilisiya ta daɗe tana bayarwa ga wannan tambaya ta fi wadda ke cikin koyarwar faɗi, domin tana ɗaukar mai ƙarfi da marar ƙarfi. Agustin, wanda aka haifa a 354 a ƙasar da ake kira Aljeriya a yau, ya rasu a 430 yana bishop na Hippo, ya nemi gamsuwa a ilimi da muƙami da jin daɗi, sa'an nan ya shaida cewa Allah ya yi mu domin kansa, zuciyarmu kuwa ba ta samun hutu sai a wurinsa. Tambaya ta farko a ƙaramin katikizim na Westminster na 1647, wato littafin koyar da bangaskiya ta hanyar tambaya da amsa, a kan babbar manufar mutum ce, amsar kuma ita ce ya ɗaukaka Allah, ya yi murna da shi har abada. Babu sharaɗin lafiya ko dukiya ko ƙuruciya a cikin wannan. A Afisawa sura 2 ceto ta wurin alheri ne ya zo da farko, kyawawan ayyukan da Allah ya shirya suka biyo baya, ma'ana darajar mutum tana nan tun kafin ya yi wani aiki, ba ta kuma tafiya idan aikin ya gagare shi. A Kolosiyawa sura 3, waɗanda aka ce su yi kowane aiki da zuciya ɗaya kamar ga Ubangiji suke yi wa, bayi ne, mutanen da ba su da zaɓin sana'a balle mafarkin ɗaukaka. Luka kuma ya ba da aya uku ga Hannatu, gwauruwa tsohuwa tukuf, wadda ba ta rabuwa da Haikali, tana sujada da azumi da addu'a dare da rana, tana cikin kaɗan da suka gane jariri Yesu da aka kawo shi Haikali. Lamba 975 ke nan, kuma Gwaggo ta haddace ta.

Tarihin bishara a ƙasarmu ma bai dace da ma'aunin mai koyarwar ba. 'Yan mishan uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, sun sauka a Legas a watan Disamba na 1893 da niyyar shiga ƙasashen Arewa. Kafin ƙarshen 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, dukansu samari, ba su kafa majami'a ko ɗaya ba. Akan ce aikinsu bai tafi a banza ba saboda daga baya mishan ɗin SIM ta kafu, ikkilisiyar ECWA kuma ta fito daga cikinta a 1954. Gaskiya ne, amma su biyun ba su ga ko ɗaya daga cikin wannan ba, kuma ban yarda ba cewa da ikkilisiyar ba ta fito ba, da rayuwarsu ta zama asara. Ibraniyawa sura 11 ta lissafa waɗanda suka ci mulkoki ta wurin bangaskiya, ta kuma lissafa waɗanda aka azabtar, aka jejjefe, suka yi ta yawo a jeji da kogwanni, ta ba su shaida iri ɗaya.

Akwai kuma kwanakin da Gwaggo ba ta son ta'aziyya, musamman idan labarin ƙauye ya zo. A irin waɗannan ranaku Ayuba take sa wa, ko Zabura 88, wadda ta ƙare da duhu ba tare da ko kalmar yabo ɗaya a ƙarshenta ba. Na ga hikimar barin waɗannan a cikin Littafi. Abokan Ayuba uku suna da bayani a kan kowace masifa, sun tabbata cewa wahala sakamakon laifi ce, amma a sura 42 su Allah ya tsawata wa, ya ce ba su faɗi gaskiya a kansa ba kamar yadda bawansa Ayuba ya yi. Ayuba kansa ba a taɓa gaya masa dalilin abin da ya same shi ba, Allah ne ya zo ya yi magana da shi. Mai bi da yake neman ma'anar wahalarsa yana da izinin yin kuka da tambaya a gaban Allah, kuma ya kamata duk koyarwar da ake sayar wa mutanen da suka binne 'yan'uwansu ta san da haka. Shawarata ga mai wannan na'ura ita ce, idan ya gama Mai Hadishi a 671, ya wuce kai tsaye zuwa 1077, wato 1 Korantiyawa sura 15. A can Bulus ya amince cewa idan ba a ta da Almasihu daga matattu ba, bangaskiya banza ce, sa'an nan ya kafa hujja a kan tashinsa, ya rufe da cewa wahalar masu bi cikin Ubangiji ba banza ba ce. Jin littattafan nan biyu a jere a zama ɗaya ya fi mini dukan jerin koyarwar da ke cikin katin.

Waƙoƙin da aka ɗora gauraye suke, akwai tsofaffin waƙoƙin sujada da aka rera su da kyau, akwai na zamani da aka cika wa kiɗan kwamfuta har kalmomin suka nutse. Ƙarfin sautinsu ma bai daidaita ba, wata takan zo da ƙara har mutum ya firgita.

Dole in ja kunnen iyalai a kan abu guda, domin na ga yadda yake da sauƙi a saya wa tsohuwa irin wannan kaya, a ji an sauke nauyi, a bar ta ita kaɗai a ɗaki da murya daga roba. Mai Hadishi da kansa ya ce biyu sun fi ɗaya, domin idan ɗaya ya faɗi ɗan'uwansa zai ɗaga shi. Na'ura ba ta amsa tambaya, alhali akwai wurare a Littafin Firistoci da Ezekiyel da Wahayi da mai sauraro zai buƙaci mai yi masa bayani, kamar yadda mutumin Habasha ya gaya wa Filibus a Ayyukan Manzanni sura 8. Ba ta ba da Jibin Ubangiji, ba ta riƙe hannu a yi addu'a tare. Rabin amsar tambayar Gwaggo ta zo ne lokacin da matan zumunta na majami'ar unguwa suka fara zuwa wurinta ran Alhamis, suka gano cewa tana riƙe da baitocin waƙoƙin da su ba su taɓa ji ba, suka zauna tana koya musu. Sukan saurari sura guda tare kafin su fara, ita ce kuma take danna lambar.

Wanda zai saya ya sa a kunna masa na'urar a kantin, ya danna 437 da 660 da 930 da 1189 ya tabbatar kowace ta kai shi inda ya kamata, domin katin da aka yi ta kwafa daga hannu zuwa hannu yakan zo da surorin da suka yanke ko suka maimaitu. Ya tambayi daga ina karatun ya fito, ko an ɗora shi da izinin masu shi, domin fassara da naɗar murya aikin shekaru ne na mutane da ƙungiyoyi irin Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya, bai dace a ci guminsu a ɓoye ba. 'Yan Katolika su sani cewa littattafai 66 ne a ciki, ba 73 ba, babu Tobit da Yudit da Sirak da littattafan Makabi da sauransu. Ya sayi batiri na biyu, ya kwafe abin da ke cikin katin a waya ko kwamfuta tun ranar farko, ya sa a rubuta lambobin surorin da manyan baƙaƙe a kwali a rataye a ɗaki domin yaran gida su iya taimakawa. Idan mai kantin zai yarda ya ɗora Littafin shi kaɗai da tsofaffin waƙoƙi, ya bar koyarwar, a karɓi hakan ko da kuɗin bai ragu ba. Idan kuwa tsoho ko marar gani za a saya wa, a duba mai manyan maɓallai masu tudu, ko da ya ɗan fi tsada.